Bakin Yayata Ya Ƙi Buɗuwa

Yayata bandar kifi take yi a Kirikasamma, mace ce mai son hira da dariya. Bayan an yi mata aikin sankarar mama a Kano, likita ya ɗora ta a kan wata ƙwaya mai rage sinadarin mata a jiki, don kada cutar ta dawo.

Shekara ba ta zagayo ba muƙamuƙinta ya fara ƙara in tana tauna. Daga baya bakin ya ƙi buɗuwa fiye da yatsa biyu. Ni na tashi daga Haɗeja na raka ta, aka ɗauki hoto.

Likitan ya ce, "Hajiya, guringuntsin mahaɗar muƙamuƙinki ya zaizaye, ƙashin ma ya yi rauni. Wataƙila da hannun maganin a ciki."

"To in daina sha?"

"In kika daina, cutar na iya dawowa."

"Wanda ya zaizaye fa, yana sake tsirowa?"

Ya girgiza kai.

Yanzu kunu da fate ne abincinta. Ta rame sosai, ko gaisuwa da ka take amsawa.