Bangon da Kaka Take Karantawa

Ɗakin kakata, a ƙauyenmu na bayan Danja, bai taɓa ganin farar ƙasa ba. Jarida ce manne tun daga ƙasa har kusa da azara. Marigayi kakana ya yi aiki a kasuwar auduga ta Funtuwa tun zamanin Turawa, duk jaridar Hausa da manyansa suka gama da ita sai ya naɗo ta a keke, ya jiƙa ƙaro ya liƙa. Wai don kada ƙasa ta riƙa zubo musu a gado.

Daminar bara bangon yamma ya tsage. Kawuna ya ce a rushe ɗakin a yi na bulo. Kaka ta ce sai dai a rushe da ita a ciki. Da aka rasa mai tunkararta sai aka turo ni, wai ni ce 'yar lelenta, ga ni malamar makaranta, na iya lallashi. Ni kuwa ban iya ba, ɗalibaina shaida ne.

Na same ta tana ɓarar gyaɗa. Ko gaisuwa ban gama ba ta ce, "An aiko ki ke nan. To taso ki ga abin da za ku rushe."

Ta ja ni bangon gabas, ta ɗora yatsa tana karantawa. An gina makaranta. Za a gina gada. Ana gina ɗakin shan magani. Kai ka ce mutanen wancan zamani ba su da aiki sai kwaɓa ƙasa. Can sama kuma marubutan sun wuce tubali, sun koma gina al'umma da gina tarbiyyar yara.

"A nan Malam ya koya mini boko," in ji ta. Kakana take nufi. "Ya ce mu fara da kalmar da ta fi yawa, wato gina, duk inda na gan ta in nuna masa. Ranar da muka zo kan gina al'umma na ce, Malam, mutane ma gina su ake kamar rumbu? Ya yi dariya har ya ƙware."

Ni ma dariyar nake, sai na lura da yatsan nata. Tana cewa "za a gina asibiti", amma yatsan yana ƙasa da layin, kan hoton wata motar ɗaukar kaya.

"Kaka, kina ganin rubutun kuwa?"

"Ido ya tafi tun bara waccan, 'yar nan. Amma na san mazaunin kowace kalma. A bangon bulo me zan karanta?"

Wallahi tausayi ya kama ni, haushin kaina ma ya kama ni, don na zo da dogon bayani kan amfanin siminti. Na koma wurin kawu na sauke masa haushin. Ya ce ni ya aika lallashi, ga shi an lallaso ni. Muka yi ta ja-in-ja har ya gaji. Aka rushe bango uku aka tayar da bulo, aka bar na gabas yadda yake. Maginin ya yi ta mita, wai tunda yake bai taɓa ɗinka sabuwar riga da tsohon ƙyalle ba.

Ranar da ta koma ɗakin ko kallon sabon rufin ba ta yi ba. Ta lalubi bangonta, ta ce in miƙo hannu. Ta ɗora yatsana a wani wuri da takardar ta yi baƙi ta suɗe, har ƙasar bangon ta ɗan lotsa.

"Nan muka fara," in ji ta. "Rabin dauɗar nan ta yatsan Malam ce."