Ranar da Na Yi wa Yaya Jere

Ni dai sanyi bai taɓa kwantar da ni ba. Na sha shi a Agadas, na sha shi a Jos inda yatsu ke ƙin riƙe sitiyari, zamanin da nake tuƙin babbar mota. Kuma na san maganinshi. In an gama girbi, gari ya yi shiru, ka ji zuciyarka ta yi nauyi ba dalili, to ka nemi ɗakin da ya fi ko'ina tarkace ka fiddo komai waje. Kafin ka mayar, jiki ya yi ɗumi, rai ya saki. Maiɗakina ta san halina. Da ta ga na sa hular sanyi ina leƙen sito, sai ta ce, "To, ciwon Malam ya tashi."

Amma ban taɓa gwada maganin a kan wani ba sai shekarar da Yaya ta dawo wurinmu Batsari.

Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye ni. Wani ƙauye bayan Runka aka kai ta aure, can ta tsufa. Mijinta ya rasu, ƙauyen kuma ya ƙi zaunuwa saboda 'yan bindiga, sai na samu a-kori-kura na kwaso ta da kayanta. Muka ba ta ɗakin da ke kusa da zaure.

Kayan nan a buhuna suka zo, a buhuna suka zauna. Ta hana a kwance. "Ba zama na zo yi ba," in ji ta. Da damina ba mu gane komai ba, tana fitowa ta taya surfe, ta yi wa kaji faɗa. Da sanyi ya kama sai ta shige ɗaki ta ja bargo, ga kaskon wuta a gefe. Tuwo ya shiga, ya fito yadda ya shiga. Matar da in ta yi magana maƙwabta na ji, sai ka gaishe ta ta amsa da ka. Mun kai ta asibiti, suka ce ba zazzaɓi, jininta lafiya. Ni kuwa ina kallo tana ƙarewa a gabana.

Wata safiya da hantsi ya ɗaga na yi sallama na shiga.

"Yaya, an tashi lafiya? Ya sanyi?"

"Lokacinshi ne."

"Yau jere zan yi maki."

Ta buɗe ido ɗaya. "Namiji da jere? Auta, tafi ka nemi aikin yi."

"Ai shi na samu."

Na kama bakin buhu na yanke igiya. Ba ta hana ba, ta ma juya fuska bango. Wannan ya fi komai tsorata ni, amma na ci gaba.

Kaya suka fito: languna masu fure, samiru, tasoshi, ƙore, faya-fayai, da baƙin akushin gyatumarmu. Na ɗora katako a kan bulo, na shiga aiki yadda na iya. Ƙarami cikin babba, mai nauyi a ƙasa, ba a bar rata ba. Kayan buhuna da yawa na cushe su a lungu ɗaya, tsaf. Wallahi na ji daɗin kaina. Sai na ɗauki wata babbar langa mai jan fure, wadda ta fi sauran sheƙi, na miƙa wa maiɗakina da ta leƙo.

"A zubo wa Yaya kunu a nan, mai zafi."

Ba ta karɓa ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta rufe baki da hannu. Ni na ina na san kwanon jere ba a ci a cikinshi? Na ado ne, na kallo ne. Tun ranar da aka kai Yaya ɗakinta, ko ruwan sha bai taɓa shiga langar nan ba.

"Ajiye shi!"

Muryar da na sani ce, tsohuwar. Har kajin tsakar gida suka watse. Na waiwayo, bargo yana ƙasa, Yaya tana zaune.

"Kunu? A langar da Inna ta zaɓa mani da hannunta? Ka zaga duniya, ka dawo ba ka san kwanon jere ba?"

"Yaya, kwano ai kwano ne."

"Rufe mani baki. Wancan kuma mene ne a lungu? Lodin Legas ka yi mani? Fenti duk zai goge!"

Ta dafa bango ta miƙe. Na kai hannu in tallafe ta, ta buge shi. Ta ce a fiddo komai rana, a kawo toka da soso. Ni aka ba aikin gogewa, ita tana kan tabarma tana nunawa da sanda. Can ta gaji da kallon shirmena, ta fizge soson.

Ashe jere ilimi ne. Kowace langa a kan marfin 'yar'uwarta take zama, babba a ƙasa, ana hawa ana ƙanƙancewa, fure ya kalli ƙofa don mai shigowa. Bangon ma ta ce bai isa ba, sai an shafe shi da farar ƙasa. Kafin azahar matan maƙwabta sun ji labari sun cika gidan, rabinsu jere suka zo gani, rabi ni suka zo yi wa dariya. Ana cikin haka Yaya ta ɗago ta dubi maiɗakina.

"Ke, ina kunun nan? A kwanon mutane dai."

Ta shanye shi, ta ce sukari bai ji ba.

Aikin ya ɗauki kwanaki, don kullum sai ta rushe wani gefe ta sake. Da aka gama ta tsaya a tsakiyar ɗakin ta riƙe ƙugu, ta ce akwai giɓi ta sama, sai an ƙaro faya-fayai. Na ce zan sayo.

"Kai? Allah Ya kiyaye."

Ranar kasuwa ta riga ni shiryawa. Na tayar da babur, ta hau baya da lulluɓinta, tun daga ƙofar gida har bakin kasuwa tana ce mani ban iya tuƙi ba.