Rifkatu Mai Dashen Shinkafa

Shekara talatin Rifkatu tana dashen shinkafa a fadamar Gaya, tana rera waƙoƙin majami'a ƙasa-ƙasa, inuwar gajimare na yawo cikin ruwan da take tsaye. Bara kogi ya cinye gonarta kaf. Bana ta dawo da waƙarta.

Maƙwabciyarta Baraka ta riƙe ƙugu. "Yaya Rifkatu, wai ke ba kya baƙin ciki ne?"

"Ina yi mana. Amma mai dashe da baya-baya take tafiya. Ba na ganin inda za ni, sai koren da na dasa. Yesu ne a bayana, shi ke duba mini hanya."

Ta soka dashe cikin laka, ta ja da baya, ko waiwaye babu.