Ni na taɓa fanfon motar Alhaji Garba

Laifina ne, ba na yayana Isuhu ba. Yau shekara tara da rasuwarsa, kuma sai bana na iya faɗin wannan magana a fili.

Garejinmu yana bakin hanya a Gidan Rumji. Shi ya koya mini aiki, har na yi aure na haifi 'ya'ya ina ƙarƙashinsa. Yakan ce inji ɗaya za ka gani cikin motar kaya da ƙaramar motar gudu ta 'yan birni, amma ba a ɗaura su iri ɗaya. Ta gudu ana buɗe mata fanfon gazuwal, wato man dizal, ta sha mai da yawa, ta yi ƙara, ta tashi a kan kwalta. Ta kaya ana barin ta ta ja a hankali, ƙarfinta ya zauna ƙasa, don rairayi take shiga da nauyi a bayanta. Ni kuwa ina ganin tsoro ne kawai irin na tsofaffi.

Wata shekara da kaka Alhaji Garba na Gidan Sori ya kawo motar da yake ɗaukar wake da ita. Yaya ya gyara ta, ya tafi jana'iza Tibiri. Ina son a ce hannuna ya fi nasa, sai na buɗe fanfon kamar yadda nake yi wa motocin gudu. A kwalta ta yi ta tashi, direba har yana yaba mana. Kwana uku bayan haka, ɗauke da buhuna a rairayin hanyar Cadakori, injin ya yi zafi ya fashe.

Aka jawo motar, Alhaji ya zo gareji ranar kasuwa, gaban jama'a, ya ce hannun Isuhu ya tsufa. Yaya ya duba fanfon, ya ga inda aka taɓa, ya dube ni sau ɗaya. Sannan ya ce, "Alhaji, a garejina aka yi, ka yi haƙuri." Ina tsaye da sifana a hannu, na bar shi ya ɗauki laifin.

Daga nan masu motocin kaya suka daina zuwa. Shekara biyu yana zaune kan benci yana gyaran babura, mutumin da ake kawo wa mota daga Gazawa da Agye. Bai taɓa tayar mini da zancen ba har ya kwanta ciwo ya rasu.

Yanzu samari na zuwa wurina suna cewa in ƙara wa motarsu wuta, ko ta me ce. Ban san abin da Yaya zai ce da su ba da yana raye. Ina jin tambayarsu zai yi, kamar yadda ya saba, me motar za ta ɗauka, kuma wace hanya za ta bi. Ita nake yi musu yau, wasu su tsaya, da yawa su tafi wani gareji.

Watan jiya na hau babur zuwa Gidan Sori. Na tarar da Alhaji ya tsufa, idonsa ya yi rauni, yana zaune da mutanen unguwa a ƙofar gida. Na durƙusa na ce, "Alhaji, ni ne ƙanen Isuhu. Ni na lalata motarka, shi aikinsa daidai ya yi. Ka yafe mini, kuma don Allah ka gaya wa duk wanda ka taɓa gaya wa cewa hannunsa ya tsufa."