Duwatsun Murhun Kakata

Da Minna ta zama babban birnin jiha, gonarmu ta doya da ke bakin hanyar Gwada ta wayi gari da daraja ba da saninmu ba. Wasu 'yan safiyo suka sauko daga mota da wani madubi mai ƙafa uku, suka gama leƙe-leƙensu, suka ce wa babana daga yau duk abin da ke gefen kwalta ba gona ba ne, filin kasuwanci ne. Babana ya dubi doyarsa da ta fara hawa sanda, bai ga alamar ta samu labari ba. Kafin su tafi suka binne turakun siminti a kusurwa huɗu, kowanne da lamba a ka.

Kakata ba ta nan ranar, kuma ita ba ta wuce abu mai amfani ta bar shi. Washegari ta je noma ta tarar da duwatsu masu shafaffen kai, tsayinsu ɗaya. Ta ce Allah ya ji kukanta, don na murhunmu sun daɗe suna karkatar mata da tukunya. Ta tono uku ta kwaso a kafaɗa. Na huɗun ta bar wa gwamnati, tunda murhu uku yake ci.

Babana na ganin tukunya zaune daram a kan lambobin hukuma gumi ya karyo masa.

"Iya, ɗaure ni fa za a yi," ya ce.

"A kan dutse? To ka ce musu su zo su sauke miyar."

Ba wanda ya zo. Damina biyu muka ƙara cin gonar, har babana ya fara yarda cewa tsohuwa ta dafe iyakar gwamnati ta cinye. Ni ma na yarda.

A damina ta uku katafila ta iso. Direban ko turke bai nema ba, ya bi ta kan doya ɗanya ya baje ta. Babana na tsaye da fartanya a kafaɗa yana kallo. Gidan mai aka gina, daga baya suka ɗauke shi gadi a wurin. Har yau in na wuce ta nan raina ɓaci yake yi.

Duwatsun kam sun yi ƙarko, sun yi baƙi har lambar ta ɓace. A kansu kakata ta dafa doyar farko da muka taɓa sayowa a kasuwa. Da aka zuba, babana ya ce ya ƙoshi.