An Girmama Netani Har Yatsunsa Suka Mutu

Kamfanin da ke facin kwalta a hanyar Savusavu ya kashe wa mijina yatsu. Suna nan a jikinsa, amma yawancinsu ba sa jin zafi, ba sa jin sanyi. Gobe Litinin kuma zai koma kan injin da ya yi masa wannan ɓarna.

Sunansa Netani, ni ce matarsa Salanieta. A bakin teku ya tashi, kuma da hannu aka san shi. Idan ya jefa zaren fatsa ya naɗe shi a yatsa, tun kifi yana shinshinar ƙugiya zai gaya maka irinsa. Da guguwa ta kakkarya mana itatuwan kwakwa sai ya shiga aikin hanya, lokacin 'yarmu Litiana tana goye. Ya daɗe a kan shebur, yana kwaso kwalta mai zafi daga bayan tifa yana cika ramuka. Aikin ba ya ƙarewa, don ruwan samanmu ba ya barin faci ya kwana biyu. Bai taɓa ƙorafi ba. Ya dawo yana warin kwalta, ya yi wanka, ya ci rogo da kifi, in da sauran rana ya nufi teku.

A hankali tsararrakinsa suka watse, ya zama shi ne babba a ayarin. Mu kuwa a al'adarmu ba a barin babba da aikin nauyi alhali na ƙasa da shi suna tsaye. Wata rana suka karɓe shebur ɗin daga hannunsa.

“Momo, ka huta haka,” suka ce, don duk kawu suke ɗaukarsa. “Kai dai riƙe injin daɓe. Ai da kansa yake tafiya, bin sa kawai za ka yi.”

Injin daɓe shi ne wanda ake bi da shi kan sabuwar kwalta don ta zauna. Ba a ɗaga shi, ba a sunkuyo, amma yana jijjiga kamar zai fizge maka kafaɗa. Netani ya dawo gida ranar yana murmushi, duk wanda ya ji ya ce yaran kirki ne. Tun daga nan ba wanda ya sake taɓa injin sai shi, safe har yamma, shekara da shekaru.

Abin ya fara da safiyar da aka kwana ana ruwa. Yatsun suka yi fari fat, sai da na tsoma masa su a ruwan ɗumi. Daga baya maɓallin riga ya gagare shi. Kifi ya cinye abincin ƙugiya ya tafi bai ji ba. A zauren gari, ana zagayawa da yaqona, abin shanmu na gargajiya, gaban dattawa, ƙoƙon ya suɓuce masa ya zube a tabarma. Ya ce gumi ne. Kullum akwai abin da zai ce.

Lahadin da ta wuce muka yi lovo, gashin da ake yi a cikin rami, bayan coci. Yana gyara duwatsun ramin gashin kafin a jera gwaza da kaji, sai na ji ƙauri. Na waiwaya na ga yatsunsa a kan jan dutse, shi kuwa yana ta ba maƙwabcinmu labari. Sai da na yi ihu ya duba.

Nas ɗin da ta wanke ƙunar ta tambayi aikinsa. Da ta ji sai ta ajiye auduga. Ta ce injin nan ba a bar wa mutum ɗaya, karɓa-karɓa ake yi, kowa ya riƙe kaɗan ya saki. Ta ce akwai robar da ke tsakanin mariƙin da injin, ita ke shanye jijjigar, kuma hannu yana son ɗumi da busasshiyar safar hannu. Ta tsira masa tsinke a yatsu ɗaya bayan ɗaya, bai motsa ba sai da ta zo babban yatsa da tafin hannu.

“Waɗannan ne suka rage maka,” ta ce. “Abin da ya tafi ban yi maka alkawari ba. In ka ci gaba, su ma za su bi.”

A hanyar gida na ce zan je wurin aikin. Ya ce kada in kuskura.

“Yaran nan girma suka ba ni. In mayar musu da shi a fuska?”

“Baban Litiana, girman da ke gasa ka ba ka sani ba?”

Ranar Alhamis ya cusa bandejin cikin safa ya koma aiki. Ranar Juma'a na ɗauki abincinsa na bi shi.

Ƙanena Livai yana cikin ayarin, shi ke jan manjagara. Tsakaninsa da Netani wasan tavale ne, wato wasan miji da ƙanen matarsa, ba abin da ba sa faɗa wa juna. Yana hango ni ya ɗaga murya.

“Tavale, ga hukuma ta iso! An ce ka gasa hannunka ranar Lahadi. Ai da ka ce nama ya yi kaɗan, da mun taimaka da kaza.”

“Da naka ne, ko kare ba zai ci ba,” in ji Netani. “Hannun da bai taɓa aiki ba ina zai yi ɗanɗano?”

Aka bushe da dariya. Ni dai na wuce na duba mariƙin injin. Robar ta daɗe da cinyewa, an naɗe wurin da yankin tsohuwar robar taya. Na kama hannun mijina, na zare safar, na kwance bandejin a gabansu. Dariya ta ɗauke. Na faɗi abin da nas ta ce, ban rage ba.

Livai ya jefar da manjagara ya kai hannu kan injin. “Kawo, tavale. Yau ni zan bi shi.”

Netani bai saki ba. “Wato na gama amfani ke nan? Tuta za ku ba ni in tsaya ina ɗaga wa motoci?”

Livai ya janye hannu, sauran suka sunkuyar da kai. Ba ɗayansu da zai ƙwace abu daga hannun babba, shi kuma ba zai ajiye abin da aka ba shi don girma ba.

Mai kula da aikin yana zaune cikin mota. Na ƙwanƙwasa gilashi.

“Mama, su suka raba aikinsu, ban tilasta wa kowa ba,” ya ce.

“Robar mariƙin fa?”

“Tana hanya daga babban birni, Suva.”

“Ka san injin nan yana kashe hannu?”

Ya kalli sitiyari, can ya ce an taɓa faɗa musu a wurin horo. Wato ya sani. Kuma ɗan ƙasar nan ne, ya san abin da ya hana yaran magana, ya san abin da ya hana Netani. Rabon ya yi masa daɗi ne kawai, don ba mai daɓe faci kamar mijina.

Litiana haihuwa yau ko gobe, jikanmu na fari. Yau a coci wata ta miƙa wa Netani jaririnta, ya ɓoye hannu a baya ya ce mura yake yi. Da muka fito ya ce mini a hankali, “Ina tsoron ya zame ban ji ba.”

To, ku masu kamfani, da kai mai zama a mota, ku saurara. Gobe kafin a tayar da injin, ka fito ka tsaya gaban ayarin ka faɗa da bakinka cewa dokar kamfani ce: Netani ya sauka daga injin, sauran su riƙa karɓa-karɓa, babba da yaro duk ɗaya. In daga sama ta zo, ba wanda ya raina shi, ba wanda ya ji kunya. Ku ba shi aikin da ba na jijjiga ba, ku kai shi wurin likitan jijiya. Injin kuma kada ya sake tashi sai an sa masa robarsa. Babban yatsa da tafin hannu suka rage masa, da su zai ɗauki jikansa. Ku bar masa su.