Ranar da Malam Ya Hana Ni Layin Farko

Ba zan rantse a kan duk abin da zan faɗa ba. An daɗe, kuma na lura ƙwaƙwalwata takan haɗa damina biyu ta mai da su ɗaya. Abin da na fi tabbata da shi shi ne ina ajin ƙarshe na sakandare, a shekarun nan da taki ya gagari talaka, ruwa kuma yake zuwa a makare.

Lissafi ne yake ba ni tsoro, shi ya sa nake zuwa lesin bayan la'asar a zauren wani malami a Tsanyawa. Yana da wata al'ada: in ya rubuta tambaya a allo, sai ya sa layin farko na amsar da hannunsa, ya ce mu ƙarasa. Ina ƙarasawa kuwa, har ana cewa na iya. Amma a makaranta, inda babu mai fara mini, sai in zauna ina kallon takarda.

Keke ɗaya ne a gidanmu, ni nake hawansa zuwa lesin. A daminar nan babu halin ɗaukar 'yan ƙwadago, Baba shi kaɗai yake takawa zuwa gonarmu ta nesa, ciyawa kuma ta fara cin geron. Bai taɓa ce mini in bar lesin ba. Inna ce ta ambata, tana tankaɗe, cewa gwiwarsa ta kumbura. Na gane. Sai dai jarrabawar fita tana tafe, kuma wanda ya faɗi lissafi ba shi ba jami'a.

Na yanke shawara na warware, ban san sau nawa ba. A wurinmu kuma ɗalibi ba ya zuwa shi kaɗai ya ce wa malaminsa zai daina, don kamar ya ce karatun bai yi ba ne. Sai babba ya raka shi. Da na faɗa wa Baba ina so in daina, sai ya tambaye ni ko zan iya karatun ni kaɗai. Na ce ban sani ba. Ya ce to, mu je.

Ni na goyo shi a keken. Shi da Malam sun daɗe suna zancen ruwa kafin Baba ya kawo maganar a zagaye. Malam bai nuna ɓacin rai ba, ko dai ni ne ban gani ba. Ya tashi ya rubuta tambaya, ina jin ta kusurwoyi ce, ya miƙo mini alli.

"Malam, layin farkon fa?"

"Yau babu. Baba, zo ka duba mini dawata, kai ka san kanta. Shi kuma sarkin jira, a bar shi ya jira allo."

Suka fita. Na tsaya gaban allo, ina jiyo su a bayan katanga. Da na tabbata ba mai zuwa, sai na zana abin yadda na fahimce shi, na goge, na sake zanawa. Daga nan layi ya zo.

Da suka dawo Malam ya daɗe yana dubawa.

"Ka ɓata ƙarshen. Amma farkon daidai ne, kuma ba ni na ba ka ba."

Ya ce wa Baba ya tafi da ni gona, in abu ya cije in leƙo ranar kasuwa.

Haka aka yi. Yamma ta koma ta fartanya, lissafi kuma bayan sallar asuba. Na ci jarrabawar, ba da wani babban sakamako ba, amma ya isa. Ko da na ci gaba da lesin zan fi haka, ban sani ba, har yanzu nakan yi tunanin. Geron dai mun kai shi gida.

Akwai waɗanda muka zauna tare a zauren nan. In wani ya tuna abin ba haka ba, musamman tambayar da aka ba ni, don Allah ya aiko mini in gyara.